Na ba maigidana ruwan sukari ya farfaɗo, surukata ta ce gado nake hange

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 38, 'ya'yanmu biyar. Maigidana ɗan kasuwa ne, shekara tara ke nan yana fama da ciwon suga, kuma wata takwas da suka wuce likita ya ɗora shi kan allurar insulin safe da yamma, wadda ake kira Mixtard. Mahaifinsa ma ciwon ne ajalinsa, bayan an yanke masa ƙafa, shi ya sa a gidanmu ba a ajiye sukari sai ɗan na kokon yara. Da safe yakan yi allura ya kurɓi shayi lami ya fice, wai sai ya isa kasuwa zai karya. Mahaifiyarsa, wadda muke gida ɗaya da ita, tana dafa masa ruwan shuwaka da garahuni a jarka.

Wata Asabar ya dawo gida wajen ƙarfe sha ɗaya ɗaukar abin da ya manta. Na same shi a zaure yana ta kicikicin zura makulli a babur ya kasa, hannunsa na rawa, zufa ta jiƙa masa riga sharkaf. Daga cewa “lafiya?” sai ya hau ni da zagi a gaban yara, irin wanda bai taɓa yi mini ba a shekara 19 na aurenmu. Na tuna maganar wata nas, na dama sukarin yara a ruwa na lallaɓa shi ya sha. Jim kaɗan ya dawo daidai yana tambayata me ya faru. Da labari ya kai wa Hajiya, ta ce ba matar da za ta ba mai ciwon suga sukari sai wadda ke hangen gado.

Makon jiya cikin dare na ji minsharinsa ya canza. Na taɓa shi na ji shi jiƙe, na tashe shi bai tashi ba. Tsoro ya hana ni yin komai, na kira Hajiya. Ta ce iska ce, aka yi ta tofi, aka ɗura masa rubutu har ya ƙware. Sai da ƙaninsa ya zo bayan kusan awa guda aka kai shi asibiti. Suka ce sugansa 38, suka yi masa allurar ruwan suga a jijiya, ya buɗe ido. Yanzu ba ya son a tayar da zancen, Hajiya ba ta amsa gaisuwata, ga azumi saura wata biyu ya rantse ko ɗaya ba zai sha ba. Anti, laifi na yi? Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba maigidan lafiya, ke kuma ya ba ki ladan haƙuri. Ba ki yi laifi ba. Kofin nan da kika dama ranar Asabar, da a gaban likita abin ya faru, shi ma abin da zai miƙa masa ke nan. Da kin yi shiru har makullin nan ya shiga, ya hau titi a wannan hali, Allah kaɗai ya san irin wasiƙar da za ki rubuto mini.

Abin da ya rikita gidanku shi ne kowa hawan suga ya sani. Shi hawa galibi a hankali yake ɓarna, shekara da shekaru yana cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa, kamar yadda ya yi wa surukinki, Allah ya jiƙansa. Sauka kuwa ba ta ba da wa'adi. Ƙwaƙwalwa da suga take aiki, kuma ba ta da rumbu, abin da jini ya kawo mata yanzu shi take ci yanzu. Idan awo ya yi ƙasa da 70 a irin na'urar gwajin suga da ta fi yawa a gidajenmu, suga ya sauka. A na'urar da ke ba da ƙananan lambobi 3.9 ke nan, 'yan'uwanmu na Nijar kuma 0.70 suke gani a takardar gwajinsu. Ƙasa da 54 abin ya yi tsanani. To ki duba 38 ɗin da aka samu a jikin maigidanki, ki ƙara da awa gudan da aka ɓata.

Mu bi safiyarsa daki-daki, don a nan matsalar take. Mixtard haɗin insulin biyu ce a kwalba ɗaya. Kashi 30 cikin ɗari mai sauri ce, cikin kamar rabin awa take fara aiki, an yi ta ne don karin kumallo. Sauran kashi 70 mai jan lokaci ce, tana nan tana aiki har bayan abincin rana. Allurar ba ta tambaya ko an ci ko ba a ci ba. Da ta shiga jiki za ta hau kwashe suga daga jini, in ta tarar da koko da ƙosai ta yi aikinta a kansu, in shayi lami ta tarar sai ta kwashe ɗan abin da ƙwaƙwalwa ke dogaro da shi. Ga ruwan shuwaka da garahuni a kai, waɗanda dama don su sauke suga ake shan su, ba kuma wanda zai iya ce miki ƙarfin jarkar yau daidai yake da na jiya. Bawan Allahn nan gudun gara ya yi ya faɗa gidan zago.

Zagin nan na san har yanzu yana ci miki rai, don na ga kin ƙirga shekarun. Idan suga ya fara sauka, jiki yakan fara kururuwa: rawar hannu, zufa mai sanyi, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, jiri. In ba a kawo ɗauki ba sai ƙwaƙwalwa ta fara kasawa. Gani ya yi dishi-dishi, harshe ya yi nauyi, mai kunya ya yi ashar, mai haƙuri ya zama mafaɗaci, wanda bai san shi ba ya ɗauka maye ne. Da ya ce bai tuna ba, ki yarda da shi. Amma ban ce ki haɗiye kamar ba a yi ba, tunda yara sun ji. Ki zaunar da manyansu ki faɗa musu ciwo ne ya yi magana da bakin Baba, ki koya musu alamomin, don wata rana su ne za su riga ki gani. Shi ma in an natsu ya kamata ya san abin da ya fito daga bakinsa, ba da sigar gori ba. Namiji mai mutunci zai ba da haƙuri ko da bai tuna ba. Sai dai ki lura, kada gidan ya koma duk ranar da aka ɗaga murya a ce suga ne. Na'ura tana nan, ɗigon jini ɗaya ya raba gardama.

Maganar gado da Hajiya ta yi ta yi muni, ba zan shafa mata mai ba. Amma ki tuna wace ce ke maganar. Matar nan ita ta yi jinyar mijinta, ta wanke gyambon da ya ƙi warkewa, ta ga an yanke ƙafar, ta yi takaba. Tun daga ranar sukari guba ne a idonta, sai ga shi an ce surukarta ta dama ta ba ɗanta. Ba ƙiyayyarki ce ta fi yawa a ranta ba, tsoro ne. Abin da ta yi da daddaren ma don son ɗanta ta yi, sai dai ya kusa zama sanadi. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa komai: ba rubutu, ba ruwa, har ruwan sukarin da ya yi aiki ranar Asabar. Ba zai iya haɗiya ba, abin sai ya bi hanyar numfashi ya sauka a huhu, ƙwarewar da kika gani ke nan. A kwantar da shi ta gefe ɗaya don yawu ko amai su zubo waje, a sassauta masa wuyan riga, in yana jijjiga kada a cusa masa cokali a baki, a ɗauke shi zuwa asibitin da ya fi kusa ko ba nan katinsa yake ba. Da shigarku ki ce, “Mai ciwon suga ne, yana allurar insulin, ku gwada sugansa.” Addu'a ba ta hana tafiya, a yi tofin a cikin mota. Akwai kuma allurar gaggawa mai suna glucagon da ake koya wa iyali yi a gida, tana sa hanta ta saki sugan da ta ajiye. Ba ko'ina ake samunta ba kuma tana da tsada, amma ku tambayi likita.

Ke ma a daren nan bakin Hajiya ya ɗaure miki hannu. Ban ga laifinki ba, wanda aka yi wa irin wannan ƙazafi dole ya ji tsoro. Amma kada a kuma. Ke kike kwana kusa da shi, ke za ki fara gani, kuma gara a zage ki a harabar asibiti da a yi miki ta'aziyya a tsakar gida.

Idan kuwa idonsa biyu, yana magana yana iya haɗiya, ƙa'idar mai sauƙin riƙewa ce: giram 15 na sukari, a jira minti 15. A ma'aunin kicin, cokalin cin abinci ɗaya ke nan na sukari a ruwa ko na zuma, ko ƙwayar sukari huɗu, ko rabin ƙaramar kwalbar Coke ko Fanta, banda wanda aka rubuta Zero a jikinsa don shi ba sukari a ciki. Ki zaunar da shi, ki ba shi, ki duba agogo. Bayan minti 15 a gwada, in bai kai 70 ba a maimaita. In an yi sau uku bai tashi ba, sai asibiti. Da ya dawo daidai ki bi shi da abinci mai riƙe ciki, burodi ko tuwo ko kunu da ƙosai, don allurar tana nan tana aiki, in ba haka ba zai sake faɗuwa. Kada ki fara da fura da nono ko gyaɗa ko cakulan, maiƙonsu na jinkirta shigar suga cikin jini. Kuma magani ne ba walima ba, kada firgici ya sa a ɗura masa kwalba biyu, da yamma a ga 300. In alamomin sun bayyana babu na'ura a kusa, ki ba shi kawai. Ko da ashe hawa ne, cokali ɗaya ba zai kayar da shi ba, amma in sauka ce jira na iya kayar da shi. Abu ɗaya da ba a jira a kansa: in baki ya karkace ko ɓari ɗaya ya ƙi motsi, ko an sha sukari ko ba a sha ba, a tafi asibiti, don shanyewar ɓarin jiki ma haka take farawa.

Kada ku jira ranar da aka rubuta muku a kati. A wannan makon ku koma wajen likitansa, ke ma ki bi shi. Saukar da ta kai ga suma alama ce cewa allura da abinci ba su daidaita ba, kuma idan suga ya yawaita sauka jiki kan gaji da kururuwa, rawar hannu da bugun zuciyar su daina zuwa, mutum ya faɗi ba sallama. Akan samu su dawo in aka yi makonni ba a sake sauka ba. Ku tafi da kwalbar allurar da sirinjin da yake amfani da shi. A jikin kwalba akwai lamba, U-100 ko U-40, kuma dole ta yi daidai da ta jikin sirinji. Wanda ya zuƙi insulin U-100 da sirinjin U-40 ya yi wa kansa ninki biyu da rabi na abin da aka rubuta masa, kuma irin wannan kuskure kan faru in sirinji ya ƙare aka aiki yaro kemis. Ku kwashi duk ƙwayoyin da yake sha. In akwai glibenclamide, wadda aka fi sani da Daonil, ita ma tana sauke suga kuma saukarta na daɗewa. Wasu magungunan hawan jini irin su atenolol da propranolol suna ɓoye rawar jiki da bugun zuciya, sai zufa kaɗai ta rage. Ki faɗi zancen jarkar Hajiya a fili. Ki roƙi a duba ƙodarsa, domin ƙodar da ta raunana kan bar insulin ta daɗe a jiki. Ragewa ko canza allura aikin likita ne, kada tsoro ya sa ku dakatar da ita da kanku. Kafin ranar, ki samu littafi ki riƙa rubuta awon safe da na kafin kwanciya, da na wajen ƙarfe uku na dare na 'yan kwanaki, da abin da ya ci.

Shi kuwa maigida, shirun nan nasa kunya ce. Mutumin da ke riƙe da gida da shago an ɗauke shi ranga-ranga a gaban ƙaninsa, ga hoton ƙafar mahaifinsa a ransa. Kada ki tare shi a gaban kowa. Ki bari bayan isha'i, ku biyu, ki ce masa, “Alhaji, ni ban iya riƙe yaran nan biyar ni kaɗai ba. Abu uku nake roƙo.” Na farko, in ya yi allura kada ya ƙetare zaure sai ya karya, cikin rabin awa. Na biyu, sukari a aljihu kullum. Akwai wani tela a unguwarmu, shekara da shekaru yana allura, ƙwayar sukari huɗu ce a ƙulle a leda a aljihunsa na gaba, tare da carbi. Ya ce shi alamarsa zare ne: in ya ƙi shiga kafar allura sau uku a jere, ba ya gardama, sai ya tura keke gefe ya kwance ledarsa. Na uku, yaron shagonsa da maƙwabcinsa na kasuwa su san halin da ake ciki da abin da za su yi, a kuma sa 'yar takarda a aljihunsa da Hausa da Turanci mai cewa yana da ciwon suga yana allurar insulin, da lambar wayar gida. Zai ce tonon asiri ne. Ki tambaye shi wanne ya fi: mutum biyu su sani, ko kasuwa ta taru a kansa ana cewa ya sha wani abu?

Babur ma a yi masa ƙa'ida. A Ingila abin da ake gaya wa direbobi masu allura shi ne su gwada kafin su tayar da mota, in awo bai wuce 90 ba su ci wani abu tukuna, in kuma suga ya sauka su jira minti 45 bayan ya dawo daidai. Titinmu bai fi nasu sauƙi ba.

Hajiya kuma ba daga bakinki za ta karɓi wannan karatu ba, kada ki ɓata yawunki. Ki ci gaba da gaishe ta ko ba ta amsa ba. Ƙanin maigida shi ne gadarki, tunda da idonsa ya ga an tura ruwan suga a jijiya yayansa ya buɗe ido. Ki roƙe shi ya lallaɓa ta ta bi ku asibiti, likita ya faɗa mata da bakinsa, a kuma riƙa gwaji a gabanta a gida tana ganin lambar, gani ya kori ji. Sannan ki ba ta aikin da ya fi dafa shuwaka: ita ce mai tsaron ƙofa da safe. Ba ɗan da zai tsallake ƙwaryar kokon da uwarsa ta miƙo masa. In duk da haka ta ƙi, ku nemi wanda take jin nauyinsa, limamin unguwa ko wani ma'aikacin lafiya a dangi. In wannan ma bai yiwu ba, to maigida ya faɗa da bakinsa a gaban ƙaninsa da mahaifiyarsa, yana cikin lafiyarsa, cewa duk ranar da ya faɗi asibiti za a fara kai shi, kuma abin da matarsa ta ba shi da izininsa ne.

Saura azumi. Ƙa'idojin da Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya, IDF, ta fitar a 2016 tare da likitocin da suka ƙware kan ciwon suga da Ramadan sun sa wanda sugansa ya yi mummunar sauka cikin wata uku kafin azumi a sahun masu haɗari mafi girma, waɗanda ake ba shawarar kada su ɗauka. Nasa makon jiya ne, azumi saura wata biyu, lissafin a bayyane yake. Rangwamen marar lafiya yana nan a Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185, kuma ko ramuwa ce a kansa ko ciyarwa, malami ne zai faɗa masa bayan an ji ta bakin likita. Ki bar su biyun su yi wannan magana, ke ki tsaya a gefe, don in daga gare ki ta fito za a ce kin raba shi da ibada. In ya kafe sai ya yi, kada ya shiga da allurar da yake yi yanzu, likita ya sake masa tsari tun kafin a ga wata. Ya jinkirta sahur, ya riƙa gwaji da rana, tsira yatsa ba ya karya azumi. Kuma rantsuwar da ya kamata a karɓa daga gare shi ita ce: in awo ya yi ƙasa da 70 ko ya haura 300, ko alamomin suka zo, zai buɗe baki nan take ko saura minti biyar a kira magariba.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka yau da daddare kafin ki kwanta ki ajiye sukari da kofin ruwa da na'urar gwaji da tocila a gefen gado, ki sa lambar ƙaninsa da ta maƙwabcin da ke da mota ko A Daidaita Sahu a saman wayarki, ki kuma gaya musu za ki iya kira ko ƙarfe nawa ne. In kun dawo daga wajen likita ki sake rubuto mini, ina son jin lambar da kuka gani a jikin sirinjin nan.